Ranar da Kan Sista Ya Yi Ruwan Goro

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Juma'a na zuba kofin ruwa na farko a kan Sista Binta, na ga abin da ke fitowa daga ƙarƙashin lallen. Na san lokacin daidai, domin a wancan zamani komai rubutawa nake yi, kuma akwai agogon bango a barandar bayan gidanta inda muke aikin. Gashin da ya kamata ya fito ruwan busasshen dabino sai ga shi jawur, irin jan goron da aka tauna. Na ƙara kofi na biyu ko ƙasan zai bambanta. Bai bambanta ba. Duk inda furfura take, daga goshi har bayan kunne, kamar an shafa manja.

Ina ba ku labarin nan ne, ku 'yan matan da ke zuwa wurina koyo, saboda maganar da ɗayarku ta yi ran nan, wai lallen kai ba aiki ba ne, a kwaɓa, a shafa, a wanke. Zanen hannu kuke gani shi ne gwaninta. To, zanen hannu in ya ɓaci, sati biyu ya goge. Abin da kika sa wa furfura yana nan sai gashin ya tsiro ya fita da shi.

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo ne. Ina da shekara goma sha bakwai, ina kwalejin horon malamai ta 'yan mata. Babana, Malam Sule, direban wani babban sakatare ne a Nassarawa, muna zaune a ɗakunan ma'aikata na bayan gidan. Unguwar shiru take a lokacin, layuka masu faɗi, darbejiya da mangwaro sun rufe sama, in mota ta taho tun daga nesa ka san ta wane gida ce. Yayar babana, Gwaggo Indo, tana zaune a Gawuna, ita ce mai kitso da lallen yawancin manyan gidajen layinmu. Duk hutu tare muke yawo, shekara biyu cur.

Kwandonta har yau ina iya lissafa abin da ke ciki. Ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Tsohon ɗankwali mai shara-shara da take tankaɗe da shi, don rariya ba ta isar mata. Kwanon samira mai murfi, cokalin katako, mataji, tsinken kitso, man shanu a gwangwani na shafa wa goshi da kunne kada fata ta kama. Leda ba ta daɗe da shigowa ba, takan wanke guda ta shanya ta sake amfani da ita. Sai ƙulli biyu na koren gari, babba da ƙarami.

Gwaggo ba ta koyarwa da baki. In ka yi kuskure ta ce, "Idonki yana ina?" shi ke nan darasin. Ni kuwa magana wuya take yi mini, don haka na sami littafin rubutu na makaranta ina bin hannunta da biro. Da hantsi takan kwaɓa garin babban ƙullin da ruwan shayi mai ɗumi, ta rufe ta ajiye har azahar. In an zo shafawa, mai kai ta zauna, sai ta kwance ƙaramin ƙullin, ta ɗebi cikin tafi biyu, ta dama shi daban a murfin kwano da ɗan gishiri, ta juye cikin na farko, nan take ta fara shafawa. Abin da na rubuta shi ne: ƙarin lalle, tafi biyu, a ƙarshe. Na ji ƙanshinsa ya bambanta, kamar na ɗanyen harawa, na ɗauka tsohon lalle ne take lallaɓawa kada ya lalace. Ban tambaya ba.

A shekarar ne wata Hajiya cikin waɗanda take yi wa kitso ta biya mata kujerar Makka. Shekarun nan mutane sun je Hajji, har masu wanki da masu tuya. Ta bar mini kwando da gidaje uku. Da na zo shirya kayan na tarar ƙaramin ƙullin ya kusa ƙarewa, sai na kakkaɓe shi, na wanke tsumman, na sayo lalle mai kyau sabon daka, na tankaɗe sau biyu, na cika ƙullin biyu da shi. Na ji daɗin tsabtar aikina ƙwarai.

Daga sansanin alhazai ta aiko Baba da takarda. Ita ba ta yi boko ba, wani mai rubuta wa mutane wasiƙa ne ya rubuta mata, duk da manyan baƙaƙe: SISTA RANAR JUMA'A. BAN DA LEMO. KADA YA WUCE AWA UKU. IN KIN GA JA SAI BABA. Na ninke na sa cikin littafina.

Sista Binta babbar nas ce a asibitin gwamnati, a ƙasar waje ta yi karatu, da kanta take tuƙa motarta. Furfura ta zo mata da wuri, gadon gidansu ne, ba ta kai arba'in da biyar ba rabin kanta ya yi fari. Sauran matan da muke yi wa aiki in an sami matsala sai su ja ɗankwali gaba. Ita ba ta da wannan dama. Nas-nas na lokacin 'yar farar hula suke ɗorawa a tsakiyar ka, goshi da gefe duk a waje. Kuma a asibitin nan babu wanda ya san tana da furfura.

Da ta ji na daina zuba ruwa sai ta ce, "Malama Rabi, lafiya?" Malama take ce mini saboda makarantar da nake yi.

Na miƙa mata madubi. Ta duba gaba, ta juya ta duba gefe, ta daɗe.

"Mene ne wannan?"

"Lalle ne, Sista."

"Na san ba fenti ba ne. Shekara shida Indo tana yi mini, ban taɓa fitowa kamar zakara ba. Me kika sa?"

Na buɗe littafi na karanta mata duk abin da na yi, da awoyinsa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Litinin ƙarfe bakwai ina zagayen marasa lafiya, ɗalibai na bin bayana. In Litinin ta same ni haka, ke da Gwaggonki kun gama da gidan nan. Kuma ki tuna ni na kai ta sauran gidajen layin nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ɗagawa ba.

Abin da na yi a ranar da washegari shi ne abin da kowace sabuwar hannu take yi, don haka ku ji da kyau. Na wanke kan da sabulu sau uku. Sabulu ba ya fitar da lalle, dattin da ya rage kawai ya cire, jan ya ƙara haske. Asabar da safe na dafa shayi baƙi ƙirin, na jiƙa kan da shi awa guda. Tawul ne ya rine, gashin yana nan. Na ce ko a sake wani lallen a kai, ta ce a'a, kuma ta yi daidai, don lalle a kan lalle ja yake ƙarawa, ya tashi daga ruwan goro ya koma ruwan zoɓo. Gaskiya ne jan yakan ɗan kwanta da kansa bayan kwana biyu ko uku, amma kwanciyar da ba ta kai a ɗora farar hula a kai ba.

Akwai baƙin rini na kwali a kantuna a lokacin, mai hoton mace a jiki. Shi ne ya jawo mana shekarar da ta fi kowace wuya a sana'ar, bayan wannan da kamar shekara uku, lokacin da mata suka bar mu gaba ɗaya suka koma masa, Gwaggo ta koma tallan turaren wuta, sai da kawuna suka fara ƙuna aka sake nemanmu. Sista ta riga kowa saninsa. Ta taɓa shafawa sau ɗaya fuskarta ta kumbura har ido ya rufe, dalilin zuwanta wurin Gwaggo ke nan. Duk da haka ranar Asabar ɗin ta aika aka sayo mata kwali guda, ta ajiye a kan tebur inda zan gani. Ta ce, "La'asar ɗin gobe. In ba ki da wata dabara, shi zan sa, in kumbura in ce ciwon haƙori ne."

Sai na koma ga takardar Gwaggo. Layin ƙarshe na karanta ya fi sau goma, ma'ana ɗaya nake gani. Na sami babana yana goge mota, na karanta masa: in kin ga ja, sai Baba.

Ya tsaya da tsumma a hannu. "Ni? Ni me na sani a kan mata? Ko kan uwarki ban taɓa sanin yadda ake yi da shi ba."

"Haka ta ce, Baba."

Ya yi tunani, ya ce to ai Yaya Indo ba ta magana a banza, nufinta in abu ya ɓaci shi ne babba, ya je ya ba da haƙuri. Ya yi wanka, ya sa rigar Juma'arsa, ya taka har gidan Sista, ina biye. Ya durƙusa a bakin baranda ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce yarinya ce, ajizanci ne, a dubi Allah a dubi zumunci. Sista tana daga ciki da ɗankwali har gira.

"Malam Sule, na haƙura tun jiya," in ji ta. "Kan ne bai haƙura ba. Ko kana da abin da za ka gaya masa?"

Baba ya ce ba shi da shi. Muka dawo.

Lahadi da hantsi ina bakin famfon lambun Sista ina wanke kwanon samira, ba don yana da datti ba. Mai lambun gidan, Malam Ado, yana ba furanni ruwa. Dattijo ne daga wajen Kura, gidansu marina ne kaka da kakanni, da atamfa da leshi suka cika kasuwa ya rufe karofinsa ya shigo birni neman aiki. Shekara biyu ina shiga gidan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ashe jiya yana bayan shinge ya ji duk abin da Baba ya faɗa.

"'Yar Malam Sule, wai me Indo ta ce a takardar nan da har aka sa mutum rigar Juma'a ranar Asabar?"

Na ciro na karanta masa.

"Sake na ƙarshen."

Na sake.

Ya saki tiyo a ƙasa, ruwa yana malala, ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Kai, boko! Ita takardar ce ta ce miki ubanki? Ba Baba ba, yarinya. Baabaa! Na rini!"

Ku faɗi kalmomin biyu da bakinku ku ji. Na uba, murya daga ƙasa take tashi ta yanke. Na rini, a sama take tun farko, a ja ƙarshen. Da Gwaggo da bakinta ta gaya mini, ko yaye aka yi mini jiya ba zan haɗa su ba. A takarda kuwa baƙaƙe huɗu ne iri ɗaya. Ni da na tashi a Nassarawa, shuni na sani a jikin rawani, ban taɓa ganin ganyen da ake yin sa da shi ba.

Ya kai ni bayan garejin gidan. A jikin shingen baya ya shuka baba layi guda, tun zuwansa, don dai ya riƙa ganinsa. A ɗakin ajiyar kayan lambu akwai rabin buhu na ganyen da ya shanya a inuwa da kaka. Ya ce duk shekara Gwaggo takan ɗiba, bai taɓa tambayarta me take yi da shi ba, sha'anin mata ne. Na murza kaɗan a tafi na shinshina. Ƙanshin ƙaramin ƙullin ne.

Na ce ko in je kasuwa in sayo shuni, tunda an riga an haɗa. Ya ce kul. Na karofi da toka ake haɗa shi, zai busar da gashi ya karye, kuma zuba yake yi, kafin azahar hular Sista ta koma shuɗiya. Ganyen zan daka in tankaɗe. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Gishiri kaɗan. Kada tsami ya kusance shi, kada mai ya taɓa gashin.

"Kuma shi ba kamar lalle ba ne da ake barinsa ya tsumu. In kin jiƙa, kafin a yi alwala a idar da salla ya fara mutuwa. Ki dama kaɗan-kaɗan."

"Minti nawa zai yi a kai?"

"Nan kuma ban sani ba. Ni zane na rina, zane kuwa ba ya korar mutum daga gida."

A nan ne littafina ya yi rana. Na ce gwaji zan yi kafin in taɓa kan. Amma gwaji sai da gashi, kuma kun san yadda muke da gashin kai. Mace ba ta barin na matajinta a hannun kowa, tattarawa take ta binne. Duk da haka na je ƙofar falo na roƙi a yanko mini kaɗan. Sista ta dube ni ta saman tabarau, ta tashi ta ɗauko almakashin asibiti, ta yanko daga ƙeya inda jan ya fi yawa, ta raba uku da kanta.

"In kin gama ki dawo mini da abina. Karatun Ingila bai hana ni zama jikar kakata ba."

Na jera su a kan farar takarda a bakin taga, kowanne da lokacinsa a rubuce. Na farko minti goma sha biyar, na biyu rabin awa, na uku awa guda. Da na wanke duk suka fito da kore-kore. Malam Ado ya leƙo ta taga ya ce a bar su su sha iska, zane ma kore yake fitowa daga karofi. Zuwa azahar sun nuna kansu. Na farko da sauran ja. Na uku baƙi kamar gawayi, irin baƙin da kowa zai gane rini ne. Na biyu ya fi kusa da abin da Gwaggo take fitarwa.

Bayan azahar na wanke kan da sabulu don cire mai, na tsane shi, na tsaga gida-gida da tsinke. Sau uku na dama, murfin kwano ɗai-ɗai. Daga goshi na fara saboda nan furfurar ta fi taurin kai, na gangara gefe, ƙeya a ƙarshe. Na ɗaure da leda, na zauna ina kallon agogo. Kwalin rinin yana kan tebur. Rabin awa daidai na wanke da ruwa zalla.

Ta karɓi madubi. "Jiya zakara, yau kuma miyar kuka?"

"Sai ya sha iska, Sista. Kada ki ɗaura ɗankwali, kada ki sa mai sai jibi."

Ta zauna a baranda kai a buɗe tana karanta jarida. La'asar ta yi, ta wuce, ba ta taɓa kwalin ba. Da rana ta yi sanyi koren ya fara ja da baya, amma ban ga ƙarshensa ba, don ta ce, "Je ki gida." Ba ta ce madalla ba, ba ta ce kada ki dawo ba. Na miƙa mata gashinta a ninke cikin takarda, na ɗauki kwando.

Litinin da sassafe na tsaya a bayan shingenmu na ga wucewar motarta. Farar hular na gani, gashin ban gani ba.

Sauran gidaje biyun na yi musu aikinsu yadda Gwaggo take yi, lalle ya tsumu, baba a ƙarshe, suka fito lafiya. Tun daga nan ban sake sa wa furfura lalle shi kaɗai ba sai in mai kan ce ta ce jan take so, kuma ban sake taɓa kan da ban gwada gashinsa ba, ko da na 'yar'uwata ne. Gidan Sista kuwa ban koma ba. Ba ta aiko ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin sallama. In zan wuce layinsu sai in zaga ta baya.

Bayan sati huɗu Gwaggo ta sauka, da haƙorin Makka da sabon suna Hajiya. Na bari 'yan barka suka ragu, na zauna kusa da ita na faɗa mata komai. Maganar Baba da rigar Juma'a ta sa ta dariya har da hawaye. Da na zo ƙarshe dariyar ta tsaya.

"To, ya kan ya koma?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ba ki je kin gani ba?"

"Ba ta aiko ba."

"Gidan da na yi shekara shida ina shiga, kin bar shi sati huɗu ba ki san ko namu ne ko ba namu ba? Ɗauko mayafina. Ɗauki kwandon."

Muka sami Sista a barandar baya, ta dawo daga aiki ta sauya kaya, kanta a ɗaure. Suka gaisa, an dawo lafiya, ya ibada, ya hanya, Allah ya maimaita. Gwaggo ta ba ta dabino da kwalli. Suka yi hirar zafin Makka da cunkoson jirgi. Maganar kai ko kusa Gwaggo ba ta ɗauko ba. Da hirar ta ƙare, sai na ji ta mintsine ni a cinya. Na dube ta, ta kau da kai tana gyara mayafi.

Na matso kusa na ce, "Sista, wai mu ci gaba da zuwa, ko mun gama da gidan?"

Ta sa hannu ta kwance ɗankwalin. Gashin ya kwanta ruwan dabino daga sama har ƙasa, sai dai a gindi sabuwar furfura ta tsiro fari fat, faɗin ɗan yatsa. Ta sunkuyo da kan saitin fuskata.

"Kina ganin wannan kike tambayata? Kwana goma ke nan ina turo hula gaba kamar ɗan sanda. Hajiya Indo, ke zauna ki huta, kin sha hanya. Malama, tashi ki ɗora ruwa."